Darasi: Tsibirin da Teku ke Rufe Hanyarsa Sau Biyu a Rana

A arewa maso gabashin Ingila, kusa da iyakar Sikotlan, akwai wani ƙaramin tsibiri da ake kira Lindisfarne. Mutanen wurin sun fi kiransa Tsibiri Mai Tsarki. Mazaunansa ba su kai 200 ba, amma dubban baƙi suna zuwa kowace shekara. Hanyar mota ɗaya ce tak take shiga tsibirin. An shimfiɗa ta a kan yashin teku a shekarar 1954, kuma sau biyu a kowace rana teku yakan hau ya rufe ta gaba ɗaya.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Duk da haka mun zaɓi wannan wuri domin darasinmu na wannan fitowa, saboda a can mutane iri uku suna amfani da fili ɗaya: masu mota da masu tafiya a ƙasa, masu jiragen ruwa, da matasa masu wasa a kan ruwa. Ga kuma dubban tsuntsaye da suke cin abinci a wannan fili. Kowannensu yana da lokacinsa, kuma wanda ya shiga a lokacin wani yakan jawo asara, wani lokaci har ta rai.

Yadda teku yake cikowa da janyewa

Ruwan teku ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar na tafki. Wata yana jan ruwan duniya, rana ma tana ja amma ba kamar wata ba. Saboda haka ruwa yakan ciko zuwa gaɓa na kimanin awa shida, sa'an nan ya janye na kimanin awa shida. Daga cikowa ɗaya zuwa ta gaba awa 12 ne da minti 25. Wannan ya sa lokacin yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana. Wanda ya ƙetare lafiya jiya da ƙarfe goma, ba lallai ne ya ƙetare lafiya da ƙarfe goma bayan kwana uku ba.

Girman cikowar ma ba ɗaya ba ne. Kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, ruwa yakan hau sosai, ya kuma janye da nisa. In wata yana rabi, hawan kaɗan ne. Mu da muka saba duban wata domin sanin kwanaki, wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba.

Abin da yake ruɗin baƙi shi ne, ruwan ba ya hawa da sauri iri ɗaya. Masu jirgin ruwa suna da lissafi mai sauƙi. Sukan raba dukan hawan ruwan kashi 12. A awa ta fari kashi ɗaya ne yake hawa, a ta biyu kashi biyu, a ta uku kashi uku, a ta huɗu kashi uku, a ta biyar kashi biyu, a ta shida kashi ɗaya. A ce a wata rana ruwan zai hau mita 4 da santimita 80. A awa ta fari santimita 40 kawai zai hau. Mutum ya duba ya ce, ai ruwan nan a hankali yake zuwa. Amma a awa ta uku zai hau santimita 120, wato santimita biyu kowane minti. Cikin rabin awa ruwan da yake a idon sawu ya wuce gwiwa. Rabin dukan ruwan yana zuwa ne cikin awa biyu na tsakiya.

Kuma a fili mai shimfiɗe irin na Lindisfarne ruwa ba ya zuwa daga gaba kamar bango. Yakan fara cika kwaruruka, ya zagayo ta bayan mutum. Kafin mutum ya lura, yana tsaye a kan tudun yashi, ruwa gaba ruwa baya. Wanda ya taɓa ganin busasshen rafi ya kawo ruwa farat ɗaya saboda an yi ruwan sama a wani gari mai nisa, ya san irin wannan tsoro. Bambancin shi ne, na teku ana iya sanin lokacinsa tun shekara guda kafin ya zo.

Hukumar yankin Northumberland tana buga jadawalin lokutan ƙetarewa, an kuma kafa shi a bakin hanya ta kowane gefe. A taƙaice, hanyar takan rufe kimanin awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen cikarsa, ta buɗe kimanin awa uku bayan haka. Iska mai ƙarfi tana iya sa ruwa ya riga lokacin da aka rubuta. Da dukan wannan gargaɗi, kusan kowane wata sai an sami motar da ruwa ya tare. Direba yakan ga kwalta a bushe a gabansa, ya gaskata idonsa, ya ƙi gaskata allon. A tsakiyar hanya an gina wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu. Wanda ruwa ya tare sai ya bar motar, ya hau tsani ya shiga ɗakin, ya jira masu ceto. Motar kuwa ta tafi ke nan, domin ruwan gishiri ba ya barin inji da rai.

Akwai tsohuwar hanyar ƙafa kuma, mai tsawon kimanin kilomita 5, wadda aka yi wa alama da dogayen sanduna a cikin laka. Masu bi sukan bi ta, wasu ba takalmi, musamman ranar Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu, suna ɗauke da gicciye na katako. Wannan hanya ta fi ta mota ƙasa, don haka jadawalin mota bai shafe ta ba. Ana shiga ta ne tun ruwa yana kan janyewa, ba bayan ya juyo ba.

Me ya sa ake kiransa mai tsarki?

A shekara ta 635 Sarki Oswald na Northumbria ya nemi a aiko masa da mai wa'azi. Aka aiko Aidan daga tsibirin Iona. Aidan ya kafa gidan sufaye a Lindisfarne, daga nan bishara ta bazu a arewacin Ingila. Bayansa aka yi Cuthbert, wanda a shekara ta 676 ya koma wani ƙaramin tsibiri na kusa, cikin tsibiran Farne, domin addu'a shi kaɗai. Ya zama bishop a 685, ya rasu a 687. Ana ba da labari cewa ya hana mutane taɓa wata irin agwagwar teku da take yin sheƙa kusa da ɗakinsa, har yau kuma mutanen yankin suna kiran wannan agwagwa da sunansa. Don haka kāre tsuntsaye a wannan gaɓa ba sabon abu ba ne da gwamnati ta ƙirƙiro.

Gandun tsuntsaye

A 1964 aka keɓe laka da yashi da tuddan rairayi na kewayen tsibirin a matsayin gandun halittu na ƙasa. Faɗinsa ya wuce hekta 3,500, hukumar Natural England ce take kula da shi. Yana cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, jerin da tafkin Nguru na jihar Yobe ya shiga a shekarar 2000.

Baƙi mafi daraja a gandun wata irin ƙaramar dinya ce mai suna brent, mai farin ciki. Tana ƙyanƙyasa a tsibiran Svalbard, can arewacin Norwe inda ƙanƙara take, sa'an nan ta taso tafiyar fiye da kilomita 2,000, ta sauka a Lindisfarne daga watan Satumba. Babban kaso na dukan irin wannan dinya ta Svalbard a nan yake cin lokacin sanyi. Abincinta wata ciyawa ce da take tsirowa a kan laka a ƙarƙashin ruwa marar zurfi.

Sai mu lura da wannan da kyau, domin a nan matsalar take. Tsuntsayen laka suna samun abinci ne kawai sa'ad da ruwa ya janye. In ruwa ya ciko, sai su taru a ɗan busasshen wurin da ya rage, su huta, su jira. A watan Disamba hasken rana a wurin kimanin awa bakwai ne, ga sanyi mai tsanani. Tsuntsun da aka tayar sau biyar a yini ya ƙone kitsen da ya tara, ya kuma rasa lokacin kiwo. Ba ya faɗuwa ya mutu a gaban wanda ya tayar da shi. Yakan rame a hankali, ya kāsa komawa gida, ko ya koma ya kāsa yin ƙwai. Duk mai kiwo ya san abin da yakan faru da saniyar da ake ta kora daga makiyaya da rani.

Da bazara kuma wasu ƙananan tsuntsayen teku farare, da ake kira tan, sukan zo daga gaɓar Afirka ta Yamma, inda suke cin lokacin sanyin Turai. Ba sa yin sheƙa a itace. Sukan ɗan tona yashi su sa ƙwai biyu ko uku masu launin tsakuwa. In uwar ta firgita ta tashi, ƙwan yakan yi sanyi, ko hankaka ya ɗauke. Dokar ƙasar ta 1981 ta hana damun su a lokacin sheƙa, ma'aikatan gandun kuma sukan kewaye wuraren da igiya su yi gadi.

Wasan laima a kan ruwa

Wannan wasa sabo ne. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka ƙera irin laimar da ake hura wa gefenta iska a 1984, yadda in ta faɗa ruwa ba ta nutsewa. A 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faransa. Mai wasan yakan tsaya a kan wani allo kamar ƙaramar ƙofa. Yana ɗaure da ɗamara a kugu. Daga ɗamarar igiyoyi sirara masu tsawon mita 20 zuwa 25 suke tashi zuwa wata babbar laima da take shawagi a sama. Iska ta ja laimar, laima ta ja mutumin, yana zamiya a kan ruwa da gudun babur. Da wata sanda a hannunsa yake juya ta. A kudancin gandun akwai wani lungun teku mai suna Budle, marar zurfi, wanda masu wannan wasa suke so.

Haɗari na fari iska ce. In saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin da take jan laima yakan ninka huɗu. Laimar da ta yi daidai da safe tana iya ɗaga mutum sama ta maka shi da dutse da yamma. Shi ya sa kowace ɗamara take da makunci na gaggawa, wanda in an tura shi laimar takan saki ƙarfinta nan take. Masu koyarwa ba sa barin ɗalibi ya shiga ruwa sai hannunsa ya saba da wannan makunci har ba sai ya duba ba. Yashi yakan toshe shi, don haka ana gwada shi kafin kowace fita.

Haɗari na biyu inda iskar ta nufa. A Ingila iska ta fi busowa daga yamma da kudu maso yamma. Lindisfarne kuwa yana gaɓar gabas. Wato a ranaku da yawa iska tana busowa daga tudu zuwa cikin teku. A irin wannan rana ruwan bakin gaɓa yakan kwanta lumui, ya yi kyaun gani, sai baƙo ya ɗauka ranar wasa ce. Amma in igiya ta tsinke ko laima ta faɗi ta ƙi tashi, iskar za ta tura shi can tsakiyar teku. In kuma ruwa yana janyewa a lokacin, to, iska da ruwa sun haɗu a kansa. Lungun Budle yakan kusan bushewa in ruwa ya janye, dukan ruwan kuma ta baki ɗaya yake fita da ƙarfi. Gwanaye sun fi son iskar da take bi ta gefen gaɓa tana ɗan karkatowa zuwa tudu, domin ko me ya lalace za ta mai da su gida. Suna kuma da ka'ida: kada ka yi nisan da ba za ka iya dawowa da iyo ba, kada kuma ka fita kai kaɗai.

Na uku sanyin ruwa. Tekun wannan yanki ko da bazara da ƙyar yake kai digiri 15, da hunturu kuwa yakan sauko wajen 6 ko 7. Mutumin da ya faɗa irin wannan ruwa ba shiri, numfashinsa yakan ƙwace masa, ya shaƙi ruwa, ko da gwanin iyo ne. Shawarar masu ceto ita ce kada ya fara kokawa da ruwan. Ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, har numfashi ya daidaita, sa'an nan ya yi kira ko ya yi iyo. Masu laima suna sa rigar roba mai riƙe ɗumi, da rigar ceto, da hular kwano. In abu ya ɓaci ana so su zauna tare da laimar, domin tana iyo, kuma mai nema ya fi saurin hango ta a kan ya hango kan mutum.

To, ina ruwan tsuntsaye da wannan? Mai laima yana bukatar ruwa a lungun, wato lokacin cikowa. Wannan ne daidai lokacin da tsuntsaye suka taru a matse suna hutawa. Laima kuma babba ce, tana sama, tana kai da kawowa da sauri, tana jefa inuwa. A idon tsuntsu ba ta da bambanci da shaho. Garke guda yakan tashi tun laimar tana nesa, nesa fiye da inda mai tafiya a ƙasa zai tayar da su. Mutum ɗaya cikin rabin awa yana iya watsa dubbai, shi kuwa bai ma sani ba, hankalinsa yana kan igiyarsa. Saboda haka gandun yana da dokokin da suka iyakance inda za a yi wasannin ruwa da lokacin da za a yi su, kuma aikin mai zuwa ne ya karanta allo ko ya tambayi ma'aikata kafin ya buɗe jakarsa.

A ganinmu abin koyi a nan shi ne ba a rufe wurin an kori kowa ba. Har farautar agwagi ana yi a wasu sassa, da takardar izini, a lokacinta. Rabawa aka yi: nan naku, can nasu, wannan wata naku, wancan nasu. Dokar da ta hana kome da kome, mun sha gani a aikinmu, ba ta daɗewa sai mutane su fara karya ta da dare.

Masu jirgin ruwa

Abin da yake tare mota shi ne yake sakin jirgi, abin da yake sakin mota kuma shi ne yake tare jirgi. Mai jirgin da bai duba jadawali ba yakan shiga lungu da ruwa a cike, ya daɗe, ya juyo ya tarar jirginsa yana zaune a kan laka. Sai ya jira awoyi. Babban kuskure shi ne ya sauka ya ce zai taka zuwa tudu, domin lakar tana riƙe ƙafa, ruwa kuma yana dawowa. Wanda zai jefa anka dole ya saki igiya mai isa domin zurfin da ruwa zai kai in ya cika, ba zurfin da ya tarar ba. Kuma inda iska take karo da ruwa mai gudu, raƙuman ruwa sukan miƙe tsaye su kife ƙaramin jirgi, ko da sararin sama garau yake.

Sauran ka'idodin sanannu ne, sai dai an fi karya su. Rigar ceto a jiki take aiki, ba a ƙarƙashin benci ba. Mai tuƙa jirgi mai inji yana ɗaura wata 'yar igiya a ƙafarsa wadda take kashe injin in ya faɗa ruwa; in babu ita, jirgin yakan yi ta zagaye ba matuƙi har farfela ta sare shi. Kafin a tashi ana gaya wa wani a tudu inda za a je da lokacin dawowa. Ana riƙe rediyon jirgi, inda tasha ta 16 take domin kiran gaggawa, ko a buga 999 a nemi masu gadin gaɓar teku. In an ga laima ta faɗi a ruwa, ba a ratsawa tsakaninta da mai ita, domin igiyoyin ba sa ganuwa, suna yanka, suna kuma naɗe farfela.

A kan tuddan yashi akwai wasu manyan dabbobin ruwa masu kama da ayu, ana kiransu sil, suna kwance suna shan iska. Jirgin da ya matso kusa yakan sa su ruga cikin ruwa a gigice, manya su tattake ƙanana. Alamar mai sauƙi ce: in dabba ta ɗaga kai tana kallonka, ka riga ka matso da yawa. Rage gudu, ka ja baya.

Wa yake biyan kuɗin ganganci?

Ranar 7 ga Satumba 1838 wani jirgin fasinja mai suna Forfarshire ya bugi dutse a tsibiran Farne. Grace Darling, 'yar shekara 22, ɗiyar mai kula da hasumiyar fitila, ta hango sauran mutane a kan dutse da asuba. Ita da mahaifinta William suka tuƙa ƙaramin kwalekwale cikin hadari. Ita ta riƙe kwalekwalen kada ya bugi dutse, shi ya hau ya kwaso mutanen. An ceci mutum tara. Har yau ana tunawa da ita a yankin.

Masu ceto na yau magadanta ne. Ƙungiyar jiragen ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, da gudummawar jama'a take aiki, yawancin ma'aikatan jiragenta kuma 'yan sa kai ne. Tashar garin Seahouses ce take yawan amsa kiran Lindisfarne. Masunta ne da masu shaguna da ma'aikata, waɗanda sukan bar aiki ko barci in ƙararrawa ta kaɗa. Duk direban da ya raina jadawali, duk mai laimar da ya fita da iskar tudu, waɗannan mutane yake jawowa cikin ruwa, kuma sa'ad da suke wurinsa ba sa wurin wani da hadari na gaskiya ya same shi. Shi ya sa ake roƙon masu laima su rubuta suna da lambar waya a jikin kayansu. In laima ta kuɓuce ta tafi ita kaɗai, mai ita ya sanar nan da nan, don kada a kwana ana neman mutumin da yake gida yana shan shayi.

Domin tattaunawa a ƙungiya

Direban da ya ga kwalta a bushe ya shiga, alhali allo ya ce kada a shiga, me yake tunani a ransa? Waɗanne dalilai mutane sukan bayar?

Mai laima bai kashe tsuntsu ko ɗaya da hannunsa ba. Yana da laifi in garken ya rame? Ku saurari masu cewa i da masu cewa a'a.

A mashigin ruwa ko rafin da ya fi kusa da ƙauyenku, wa ya san lokacin da ba a ƙetarewa? Baƙo da yaro suna da hanyar sanin wannan? In ruwa ya ci wani, su wa suke shiga neman sa?